Hoton Inna da Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da hoton da aka ɗauki Inna ba, ko na so in manta ma dangi ba za su bari ba. Inna mahaifiyar maigidana ce, tare muke zaune a Ƙofar Gayan, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama.

Autanta Yahuza ya shekara uku yana karatu a Ingila. Duk wasiƙar da ya aiko (ni ke karanta mata, don ni ce mai sakandare a matan gidan, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba) ƙarshenta ɗaya ne: a taimaka a aiko masa da hoton Inna. Ita kuwa ta ce ba ta zaman hoto. Sai da aka yi wata biyu ana lallashi sannan ta ce, "To, sau ɗaya. Ya yi kyau ko ya ɓaci, ba na sake zama."

Malam, wato maigidana, ya aro kyamara wajen abokin aikinsa, Malam Sidi, cikin jakarta ta fata, da murfi a kan gilashin. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce kada yara su taɓa. Yara ya ce. Bai ce ni ba.

Ranar Juma'a da hantsi yana wanka, na buɗe murfin don in gani kawai. Sai ga shatin yatsa a kan gilashin. Ni kuwa Allah bai yi ni da ganin datti in wuce ba. Na hura, na goga da bakin zani, shatin ya ƙara bajewa. Sai na tuna yadda nake yi wa akwatin rediyonmu idan ya dushe. Na tsoma ɗan yatsa a kwalbar man gyaɗa, na yi bisimilla, na shafa. Wallahi sai sheƙi! Na mayar da murfi ina jin daɗi, wai na yi aikin lada a ɓoye.

Da aka sauko daga masallaci Inna ta fito cikin saƙinta na shuni, ta rambaɗa kwalli, ta zauna a gindin darbejiya ta haɗe rai kamar za a yi mata allura. Malam ya leƙa ta 'yar tagar sama (ashe mai ɗauka ba ta babban gilashin yake kallo ba, shi ya sa bai lura ba), ya ɗauka har sau shida. Tana miƙewa ta ce, "Shi ke nan, na fita."

Bayan mako guda ya karɓo hotunan daga mai wanki a Tudun Wada. Aka taru a tsakar gida, har da ƙanwarsa Ladi mai bakin tsiya. Malam ya buɗe ambulan. Duk shidan, Inna na zaune kamar a cikin tururin tukunyar dambu.

Malam ya hau faɗa, wai mai wankin hoto ya cuce shi. Ni dai na duƙufa tsintar shinkafa. Ana haka Malam Sidi ya yi sallama, ya zo karɓar kayansa, ina jiyo su daga zaure.

"Wannan ba daga wanki ba ne, Malam. Kawo kyamarar in gani." Aka miƙa masa. "Ikon Allah! Ai ƙanshin ƙuli-ƙuli take yi. Ga kiyashi ma sun tare a jakar."

Malam ya shigo yana kiran yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, suna ta rantse-rantse. Na ga za a zane bayin Allah a kan laifina.

"Ni ce," na faɗa, muryata kamar ta sauro. "Gogewa na yi."

"Da me?"

"Man gyaɗa. Kaɗan ne fa."

Ladi ta dafe ciki ta ce, "Yaya, don Allah a aji nawa aka koya muku wannan?" Har daga zaure na jiyo Malam Sidi yana tarin da ba na mura ba. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran abin da Inna za ta ce, don zamanta guda ɗaya tak ne na ɓata.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu aka ba ta hoto, ta kai shi kusa da ido, ta janye shi nesa.

"Ina tamojin goshina?"

"Bai fito ba, Inna," in ji Malam.

"To me ya ɓaci? Yaro na can cikin sanyi, so kuke a aika masa tsohuwa duk ta yamutse ya kasa karatu? Wannan za a aika. Ku ƙyale mini 'yata."

Ta kuma zari guda ta soke a ƙugu, nata na kanta.

Da amsar Yahuza ta zo, cewa ya yi hankalinsa ya kwanta, Inna ta yi haske ta murmure, a gode wa mai kula da ita. Malam Sidi kuwa ya samu gilashinsa ya wanku, amma ko biro bai sake ara wa Malam ba.

Tun daga ranar, duk abin da ban san aikinsa ba, ko datti ya yi masa katutu, addu'a nake yi masa in wuce.