Matuƙin da Ya Juya wa Farfela Baya

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Gure wani Bafaranshe ya bar mini ɗan jirgin saman yaƙi na roba mai farfela, gunduwa-gunduwa cikin kwali. Ban ko dubi takardar bayani ba, ai ni mushe ne guda, wato malamin lakwal. Na harhaɗa, na liƙe ɗan matuƙin cikin gilashinsa, na gayyato surukaina kallo.

Kawun matata ya daɗe yana leƙe. "Mushe, me matuƙin nan yake nema a wutsiya?"

Na jujjuya jirgin, har na rasa ina ne gabansa. Na ce, "Kawu, abokan gaba yake tsaro."

"To wa ke tuƙi?"

Har yau in na hau doki, sai wani ya ce, "Mushe, kan dokin na can."