Hujja ta Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Larabar nan ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Yau wata biyu ke nan, amma har yanzu in aka ɓare goro kusa da ni sai in kau da kai. Zan faɗi yadda aka yi tun daga tushe, ba kuma zan wanke kaina ba.

Da kaka na dawo Bebeji daga makarantar 'yan mata ta birni, ana tsakar cire gyaɗa. Na zo da takardar shaida, da akwatin ƙarfe, da kai mai girman tulu. A makaranta ni ce gwanar muhawara. Akan raba mu gida biyu, malama na riƙe da agogo, kowa ta yi minti biyar, wadda aka jefa wa magana ta yi shiru kuwa an cinye ta. Abin da na haddace ke nan: mai shiru ya faɗi. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni ya baro.

A hannun Baffa na tashi, ƙanin mahaifina. Malami ne, mai sanyin magana. A sallah yana sakin hannuwansa kamar yadda ya tarar da iyayensa suna yi, a siyasa kuma yana bayan jam'iyyar sarakuna. Babban amininsa shi ne Baba Tanimu tela, Bazazzage, wanda ya taso a Tudun Wada kafin ya zo garinmu da keken ɗinkinsa. Shi kuwa naɗe hannuwa yake a ƙirji in zai yi sallah, kuma katin jam'iyyar talakawa ba ya rabuwa da aljihunsa. Wato dai duk abin da ke raba mutane a ƙasar nan, Allah ya tara shi a tsakanin mutanen nan biyu, har da wasan Bakano da Bazazzage a kai.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. Ana shirin zaɓe. Wa da ƙane sun daina gaisawa, an sami masallacin da sahu ya rabu biyu saboda maganar hannu, kuma a wata kasuwa yamma da mu an fasa wa mutum kai a kan waƙar jam'iyya. Amma kullum bayan la'asar sai Baba Tanimu ya rufe kekensa ya zo zauren Baffa, su yi ta musu har a kira magariba, sannan su ci tuwo a akushi ɗaya.

Ni abin da ke gabana ajin yaƙi da jahilci ne na mata. An yarda in buɗe shi in har na sami ɗaki da ɗalibai. Gidan Baffa ba fili, mazan gari kuma suna ta noƙewa. Baba Tanimu ne ya ce ga ɗaki a cikin gidansa, matarsa Iya Kande kuma, wadda ita ce ungozomar unguwa, ta ce za ta zauna a sahun gaba. Inda Iya Kande ta sa ƙafa, matan unguwa suna sawa. An tsayar da Litinin. Idan ajin nan bai tashi ba, takardata ta zama abin fifita.

To, duk Laraba motar gyaɗa takan zo da jarida, su biyun kuwa ba mai karanta boko. Sai aka ba ni aikin. Nakan zauna daga cikin gida a bayan asabarin ƙofar zaure, in karanta musu da ƙarfi, in na gama in tashi. Ba na ganinsu, murya kawai nake ji. Ranar nan labarin zaɓe ne ya cika jaridar, da na gama sai na ƙi tashi, na zauna wai ina ninke takarda (ninki takwas na yi mata).

Baba Tanimu ya fara. Ya yi maganar haraji, ya yi maganar aikin tilas, ya gangaro kan sallah, muryarsa na ta hawa. Can sai ya ce, "Ku Kanawa ai abinku da ban tausayi. A gaban Allah hannu a sake, a gaban hakimi baki a ɗaure."

Masu zama a dakalin waje suka yi dariya. Na kasa kunne in ji amsar Baffa. Shiru. Na ƙirga a raina kamar yadda malama ke yi da agogo, har talatin. Shiru. Na ce shi ke nan, an kayar da mutumin da ya goya ni, a zaurensa, a gaban jama'a, ga ni kuma da makami a hannu.

Na yi gyaran murya daga bayan asabari, na ce Baba a gafarce ni, ina da hujja huɗu. (Ni da ko ƙuri'a ba ni da ita, don mata ba sa zaɓe.) Ta farko na yi ta a kan haraji, ta biyu a kan wanda zai raba rigimar manomi da makiyayi in babu dagaci. Muryata na fita tar, har ina jin daɗinta. Ta uku na tambaye shi: limamin da ya ɗaura masa aure, da wanda ya sallaci mahaifinsa, duk ba masu sakin hannu ba ne? Sallarsu ta ɓaci ke nan? Na ji wani a dakali ya ce, "Af!" Da a nan na tsaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Amma na riga na ce huɗu, ga shi uku gare ni. A makaranta kuwa ba a alkawarin huɗu a kawo uku. Sai na lalubo abin da na taɓa ji a bakin mata wajen daka, cewa shekarun baya an kama Baba Tanimu a kan taron siyasa ba izini.

Na ce, "Ta huɗu, mutumin da aka tuɓe wa riga a tsakiyar kasuwa aka tsula masa bulala, yara na kallo, shi ne zai koya wa Baffa yadda ake tsayuwa a gaban Allah?"

Sai na ji an tofar da wani abu, Baffa ya yi salati a hankali. Baba Tanimu ya ce, da murya kamar ta mai tambayar farashin zare, "Malam, zan leƙa gida." Na ji jan takalminsa. Tuwo ya zo ya koma ba a taɓa ba.

Baffa bai daka mini tsawa ba. Da ya yi, da na sami sauƙi. Ya ɗaga asabarin ya dube ni, ya ce, "Wa ya aike ki?" Ya saki asabarin.

Gwaggo, matar Baffa, ita ta warware mini abin da ban gani ba. Ashe musun nan yana da tsari tun ba a haife ni ba. In sun zauna sai a ɓare goro ɗaya. Wanda ya jefa nasa ɓarin a baki, ya ba da fili ke nan, ba zai ce uffan ba har sai ɗayan ya ce ya sauke, komai zafin abin da aka faɗa masa. Sannan shi ma wancan ya jefa nasa, ya saurara. Shirun da na ƙirga har talatin, Baffa goro yake tauna, yana jiran layinsa. Gwaggo ta ce har murmushi yake yi, don ya tanadi amsa.

Ta kuma ba ni labarin bulalar, wanda wajen daka aka ba ni rabinsa. Ranar da aka yi abin, Baffa ne ya ratsa taro ya cire babbar rigarsa ya rufa wa Baba Tanimu, ya ɗora shi a jaki ya kai shi gida, dogarai na kallonsa. Saboda haka aka yi shekara biyu ba a kiransa addu'a a gidan hakimi. Ta ce a kan hanyar ma musu suke yi, ɗaya a kan jaki ɗaya na ja. Amma tun daga ranar, cikin duk abin da suke jifan juna da shi, Baffa bai taɓa ambaton bulalar nan ba. Ni na zo da ilimina na ambata.

Washegari abin ya fi ƙarfin kunya. Wani daga cikin 'yan dakali ya kai maganar kasuwa. Kafin azahar samarin jam'iyyar su Baffa sun mai da hujjata waƙa, da amshi, suna zagaya rumfar Baba Tanimu da ita. Samarin ɗaya ɓangaren suka fara taruwa da sanduna a bakin rijiya. Daga cikin gida ina jin waƙar, kalmomina ne sak, ba su canja ko ɗaya ba. Na shiga bayan rumbu na tsuguna. Abin da nake gani a idona kan mutum a fashe, kuma kowa ya san bakin da ya jawo.

Baffa ya ɗauki buzunsa ya fita. An ce kai tsaye kasuwa ya nufa. Ya je ya shimfiɗa buzun a ƙofar rumfar Baba Tanimu, ya zauna yana jan carbi, fuskarsa na kallon masu waƙar. Yawancinsu a gabansa suka yi karatu. Waƙar ta yi ta sirancewa har ta mutu, na bakin rijiya ma suka watse. Amma Baba Tanimu bai zo zaure ba ranar, bai zo washegari ba. Litinin ta zo ta wuce. Ba wanda ya ce mini an fasa aji, ba kuma wanda ya ce in zo.

Ran Laraba Baffa ya kira ni ya miƙo mini goro guda, fari, a ganye. Ya ce in kai da hannuna, kuma in bi ta kasuwa, tunda ta nan maganar ta bi. Na sa mayafi na tafi. Tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba, sai na ga kamar zan je can garin Doguwa a ƙasa. Masu awo suka daina awo.

Na durƙusa a bakin rumfa na gaishe shi. Yana kan keke yana ɗinkin wata taguwa, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin. Na tsara jawabin ban haƙuri mai sassa uku a hanya, amma da na buɗe baki ba abin da ya fito sai, "Baba, na yi laifi." Na miƙa goron, ya suɓuce ya faɗa cikin ƙyallaye.

Ya ɗauka ya ɓare, ya miƙo mini ɓari ɗaya. Na gane. Na jefa a baki na yi shiru. (Ban taɓa cin goro ba. Ɗacinsa har cikin kunne.)

Ya ce hujjata ta farko ta yara ce, ta biyu da dama-dama. Ta uku kuwa ta hana shi barci kwana biyu, kuma amsarta ita ce sallarsu ba ta ɓaci ba, Allah ya karɓa, tasa ce dai ta fi kyan gani. Sannan ya ce, "Ta huɗun ba hujja ba ce, 'yata. Bulala ce. Wancan karon a gadon baya aka yi mini, kuma wanda ya yi ba a cinyata ya girma ba."

Hawaye na zuba, goro na bakina, ba damar magana. Ya bar ni a haka har ya sa zare a allura. Sannan ya ce Iya Kande ta share ɗakin tun ranar Asabar, tana ta tambaya ko malamar ta fasa ne. Sharaɗinsa ɗaya: in koya wa matan ƙirga har uku, in sun ƙware sannan a duba maganar huɗu. Ya ce, "Na sauke."

Da la'asar ya zo zaure. Na karanta jarida, muryata kamar ta sauro. Ina shirin tashi na ji an ɓare goro, sai Baffa ya ce, "Tanimu, ina da layi tun waccan Larabar. Ka ce mu hannu a sake, baki a ɗaure. To ku Zagezagi hannu a naɗe a masallaci, a naɗe kuma a gona, shi ya sa kullum tuwon Bakano kake ci."

Kwana bakwai yana riƙe da ita. Baba Tanimu bai ce komai ba, yana tauna, amma ina jin dariya na fita masa ta hanci.

Ajin ya tashi, mata goma sha ɗaya, Iya Kande a gaba tana riƙe fensir kamar muciya. Ni kuwa har yanzu in na ji samari sun taso da waƙa daga nesa sai na tsaya na saurari kalmomin, don in tabbata ba nawa ba ne. Abin da shekara biyar a makaranta ba su koya mini ba, ɓarin goro ya koya mini: in ka ji dattijo ya yi shiru ana faɗa masa magana, kada ka yi saurin kai masa gudummawa, duba bakinsa tukuna. In kuma ka yi alkawarin hujja huɗu ka tarar uku gare ka, ka ce ka yi kuskuren lissafi.