Hatimin Gwamnati, Tawadar Talaka

Ranar Litinin da safe na roƙi hutun rabin yini a gidan burodin da nake aiki, na sa rigar zuwa coci, na nufi ofishin haraji ina fara'a kamar mai zuwa karɓar gado. Kun dai san zaman irinmu a garin nan: gadona yana Uruguay, tandar da nake gasa burodi tana Brazil, titi ɗaya ne tsakani. Can suna yanke haraji tun albashi bai taɓa hannuna ba, nan kuma sun aiko in biya na shekara guda cif. Kura ɗaya ke shan bugu, gardi biyu ke kwashe kuɗi.

Maƙwabcina Yamandu ne ya zuga ni. Ya ce, "Ubaldo, wautarka ta yi yawa. Ai abin da ka biya can dole a rage maka nan. Takarda ɗaya ce tak." Shi Yamandu bai taɓa biyan gwamnati ko sisi ba, shi ya sa ya san doka ciki da waje.

Ni kuwa abin ba na dariya ba ne. Kuɗin da suke nema su ne matata Zulma ta tara don bikin cikar 'yarmu Maite shekara goma sha biyar. An yanka yadi, an yi wa mai rago alkawari, yarinya har ta koyi tafiya da takalmi mai tsini.

Na tarar da Mai Girma Sarkin Hatimi, jami'in ofishinmu na Uruguay, ya kanga kunne a rediyo yana sauraron sharhin ƙwallon jiya, yana zagin mai tsaron gida da Fotugis tsantsa, yaren Brazil. Na miƙa masa shaidar biyana ta can. Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Wannan da wane yare aka rubuta?"

"Da wanda kake zagi da shi yanzu, ranka ya daɗe."

"Ni ina ji. Ofis ne ba ya ji." Ya yi hamma. "Amma don kai ne, je can su buga hatimi tukuna, sai in roƙi ofis ya ji."

Na tsallaka titi. A ofishin can Mai Martaba Wazirin Takardu ya ce ba zai buga ba sai namu sun fara tabbatar da cewa a Uruguay nake kwana.

Na ce, "Yallaɓai, leƙa ta tagarka. Ga rufin gidana can mai tsatsa. Waccan da ke shanya ma matata ce."

Ya ce, "Taga ba hujja ba ce."

Allah ya ƙara wa manyanmu basira! Ƙasa biyu, yare biyu, amma a wajen wahalar da talaka bakinsu ɗaya.

Da na koma gida na ba Zulma labari. Ta ƙarasa suyar da take yi, ta wanke hannu, ta ce, "Tashi mu je." Ta ja ni har dandalin da ke tsakiyar iyaka, ƙarƙashin Ƙofar Zumunci, wadda aka yi bikin buɗe ta sau uku amma har yau ba ta da rufi. Can na ga abin al'ajabi. Sarki da Waziri ne a benci ɗaya, suna zagaya ƙoƙon shayin mate, ganyen da ake ta ƙara wa ruwan zafi ana zuƙa, a tsakaninsu, tsinken zuƙa ɗaya. Ashe matansu 'yan uwan juna ne, kowa ya sani sai ni.

Na gaishe su na fara bayani. Sarki ya ɗaga hannu. "Malam Ubaldo, an tashi aiki. Nan kuma ba ƙasata ba ce."

Waziri ya ce, "Ni ma ba tawa ba ce."

Zulma ta sunkuya ta ɗauke fulas ɗin ruwan zafi daga gefen bencin, ta matse shi a hammata. Ta ce, "To tunda ba ƙasar kowa ba ce, wannan ma ba na kowa ba ne."

Jama'a, na ga an ƙwace wa mutum babur a garin nan bai yi irin wannan firgita ba. Ƙoƙo yana hannun Waziri, ganye ya jiƙa, ba ruwan ƙari. Ya ce, "Haba uwargida Zulma, abin bai kai nan ba."

"Ya kai. 'Yata za ta yi rawa da ubanta ranar Asabar, ko kuwa ku sha busasshen ganye. Wa zai fara bugawa?"

Suka dubi juna. Waziri, da yake maƙogwaronsa ya fi bushewa, ya ce shi ne.

Ya kuwa cika alkawari Talata da sassafe. Na ruga wa Sarkin Hatimi da takarda. Ya ɗaga hatimi ya danna, ya ɗaga, babu ko alama. Ya hura masa iska ya sake, shiru. Tawada ta bushe. Ya ce an rubuta wa babban birni tun bara, kwamiti yana nazari.

Na fita na sayo kwalbar tawada da sabon soso da kuɗin aljihuna, na dire masa a tebur. Sai mutumin ya ja kujera baya, ya dafa ƙirji.

"Cin hanci? A ofishina? Da rana tsaka?"

Na ce, "To yaya za mu yi, ranka ya daɗe?"

Ya yi dogon tunani. Ya ce, "Ofis ba ya karɓar kyauta. Amma in kai ka riƙe a hannunka, ni kuma hatimi ya faɗa ciki bisa kuskure, wannan ba ruwan doka."

Na riƙe, hatimi ya yi kuskure, takardata ta fito raɗau. Rago ya tabbata, Maite za ta yi rawa.

Sai dai kafin in juya, wata tsohuwa a bayana ta riƙe min riga. Tun watan jiya take zuwa saboda hatimin nan. Bayanta ga mutum kusan ashirin, duk idonsu a hannuna. Haka na tsaya har azahar ina riƙe da soso, hatimi yana ta tafka kuskure, mai gidan burodi kuma ya yanke min albashin yini.

Don haka duk mai neman hatimi ya hanzarta cikin makon nan, kwalbar ƙarama ce. In ta ƙare kuma kada a zo min gida, ni ma zan kafa kwamiti.