Ranar da Na Ba Kwamfutar Alhaji Lamba Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kunyata kaina a Karaye ba, ƙarshen shekarun casa'in. Na dawo daga Kano da takardar kwas ɗin kwamfuta na wata uku, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa (har gilashi na saya, alhali idona ƙalau).

Wata ƙungiyar manoman gyaɗa ta sami kyautar kwamfuta uku da wani ɗan akwati mai haɗa su da layin tarho zuwa Kano. Shugabanta, Alhaji Sule, ya ce in na haɗa su saƙo ya tafi, aikin kula da su nawa ne. Ina son aikin nan kamar me, don na gaji da zaman gindin bishiya.

Aikin ba wuya. Kowace na'ura sai an ba ta adireshinta, wato lambar IP, kuma ba a ba biyu iri ɗaya. Takardar da aka haɗo ta ce lambar akwatin ta ƙare da ɗaya, kwamfutoci su fara daga biyu. Nan fa hankalina ya ƙi kwanciya. Yaya za a yi akwati ya sha gaban Alhaji, mutumin da ko a masallaci sahun gaba yake? Canza lambar akwatin ban iya ba, sai kawai na ba kwamfutar Alhaji lamba ɗaya ita ma. Har na raɗa masa, don ya san na san girma.

Wakilan manoma daga Beli da Ruwan Bago suka cika ofis, sun zo ganin yadda sunayensu za su tafi Kano ba mota. Na yi bisimilla na danna. Shiru. Na sake dannawa. Na zargi wuta, na zargi waya, har na hura akwatin kamar mai hura garwashi. Gumi ya jiƙa min riga.

Can sai Malama Rabi, mai buga takardun ofis, wadda tun safe ban amsa gaisuwarta da kyau ba, ta ɗauki takardar ta karanta. Ta tambaye ni lambar akwatin, na ce ɗaya. Ta ce ta Alhaji fa?

"Ɗaya mana. Ai shi ne babba," na ce.

"To Malam, in gida biyu suna da lamba ɗaya, wanne masinja zai shiga?"

Wani dattijo ya fara dariya har da tari. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba ni ta ƙarshe ma, in dai sunayen mutanen nan za su tafi."

Malama Rabi ta mayar da lambar kwamfutar Alhaji biyu, saƙo ya wuce. Na so ƙasa ta tsage in shige. Aikin kuwa ita aka ba.

Tun ranar na gane na'ura ba ta cin fadanci. Ashe Alhajin ma ba ya ci.