Ranar da Masana Bala'i Suka Ceci Baba Mai Agogo

Yau da safe na faɗa kwata. Wannan ba labari ba ne, duk wanda ke bin layinmu da ƙafa yana da rabonsa a cikinta, sai dai ni abin da ya jefa ni daban ne. Na fito da galan zan je neman mai, don layin gidan mai ya kai matsayin da mai mota kan yi sallama da iyali kafin ya shiga, sai na ɗaga kai na ga sabon allon talla da aka kafa a bakin titi, ƙato, ya fi gaban gidana faɗi. A jikinsa ga fuskar maƙwabcina Baba Mai Agogo, baki buɗe, ido a kafe, wasu mutane cikin riguna masu ƙyalli sun ɗauko shi a gadon marasa lafiya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a zo a yi digiri na biyu a fannin kai ɗauki da shawo kan bala'i, ɗalibanmu a shirye suke kullum. Ina cikin karanta "kullum" ɗin nan ƙafata ta zarce. Na fito wando jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya ya bi ruwa.

Bari in ba ku labarin yadda tsohon nan ya hau allo, don ni na tura baron da ya kai shi wurin.

Ƙanin matata ma'aikaci ne a ofishin da aka ɗora wa kula da ambaliya da gobara da rushewar gini. Mu a layi muna kiran wurin Ofishin Allah Ya Kyauta, saboda iyakar abin da suke kawo wa wanda abu ya samu ke nan, shi ma sai ruwa ya janye an share hanya don takalman manya. Bara waccan manyan ofishin, Allah ya ja zamaninsu, suka shige otal suka yi kwanaki suna nazari, suka fito da abin da ke damun talaka. Ashe ba kwata ce ta toshe ba, ma'aikata ne ba su da digiri na biyu. Nan take aka kwashi rabin ofis aka tura jami'a, har da ƙanin matata. Yallaɓai babba, shugaban ofishin, ransa ya daɗe, shi nasa karatun sai da ya tsallaka ƙetare, wata ƙasa da na ji an ce ruwa ba ya kwana a titi. Ka ga can mutum zai koyi ambaliya hankali kwance.

Tun da yaron nan ya fara karatun ba mu sake cin abinci lafiya a gidana ba. Na ce yaro, amma fa da furfura a gemunsa. Zai zo gaishe da yayarsa, a zuba masa abinci, ya ajiye cokali ya hau yi mana lacca. A bakinsa na ji cewa bala'i matakai gare shi, akwai na kafin ya zo, da na lokacin da yake ciki, da na bayan ya wuce, kowanne da sunansa na Turanci mai tsawon igiyar shanya. Ya ce abin da ke shiga ɗakina duk damina bai kai bala'i ba tukuna, barazana ce kawai, sai ya haɗu da rauni sannan ya cancanci sunan. Na ce to, ranar da ya cancanta a sanar da ni, don in san irin kukan da zan yi. Yayarsa ta harare ni. Tun daga ranar nake kiransa Kwamanda, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, har yana amsawa.

Baba Mai Agogo kuwa ɗakinsa ne na ƙarshe a gangaren layi, duk ruwan unguwa nan yake sauka. Tsoho ne da ya ƙare ƙarfinsa da ɗan gilashi a ido ɗaya yana tonon cikin agogon mutane, har waya ta zo ta kashe kasuwar, ya koma canjin batir da maɗauri. Ba ɗa ba jika a kusa. Abin da ya mallaka shi ne ƙafafunsa, da su yake tura ɗan teburinsa mai taya zuwa bakin kasuwa kullum, ranar da bai tura ba kuwa da yunwa zai kwana in ba maƙwabta sun lura ba. Bangon ɗakinsa ya sha ruwa damina bayan damina har ya yi ciki. Akwai injin zuƙe ruwa guda a ofishin su Kwamanda, an kuma yi mana alkawarinsa tun kafin yayyafin farko. Kwamanda da kansa ya dafa ƙirji a gaban tsohon ya ce da zarar ruwa ya taru waya kawai za a buga masa.

Ran nan ruwa ya ɓarke tun da sassafe bai tsagaita ba sai da hantsi. Na leƙa ɗakin Baba na tarar da katifa na iyo. Na buga wa Kwamanda. Ya ɗauka yana haki, ya ce yau kam ba zai yiwu ba, yau ce jarrabawarsu ta ƙarshe, atisayen ceto za su yi, injin yana wurinsu a filin ƙwallon jami'a. Na tambaye shi ko filin ma ya cika ne. Ya ce a'a, filin a kan tudu yake ruwa ba ya tsayawa, shi ya sa suke janyo ruwa daga tafki da injin suna zubawa, don a samu ambaliyar da za a yi jarrabawa a kanta.

Ni ma sai da na sa ya maimaita.

Muka koma ga bokiti, ni da mai wanki da mai facin layinmu. Muna cikin kwarfa Baba ya koma ciki ɗauko akwatin kayan aikinsa, bangon ya zauna a kan ƙafarsa ta hagu. Da hannu muka tono shi. Ƙafar ba zan kwatanta muku ita ba. Muka buga lambar gaggawa, ta yi ta ƙara har ta gaji. Mai faci ya san wani direba a asibiti, ya kira shi, direban ya ce babu motar asibiti ko ɗaya a harabar, duk an are su an kai jami'a saboda manyan baƙi za su zo kallo. Titi ya cika da ruwa, babu abin hawan da zai shigo layi. Jami'a ta fi mana asibiti kusa, sai muka ce tunda motocin da masanan duk suna can, bari mu kai musu mara lafiya har gida. Muka shimfiɗa bargo a baro muka ɗora shi.

Dole in yaba, ban taɓa ganin shiri irin na ranar ba. Rumfuna a jere, kujeru sanye da farin ƙyalle, manya zaune da ruwan gora a gabansu, motocin asibiti an wanke su suna sheƙi. Ga injinmu can gefe yana ta aman ruwa a kan ciyawa, lafiyarsa ƙalau. A tsakiyar fili kuma ga waɗanda bala'i ya shafa, wato 'yan haya da aka kwaso daga kasuwa aka shafa musu jan fenti. Kowa an ɗaura masa ƙyalle a hannu: ja ga wanda ke bakin mutuwa, rawaya ga mai dama-dama, kore ga mai iya takawa. Na hangi mai sayar da katin waya na bakin layinmu kwance da jan ƙyalle, yana nishi yana duba wayarsa ta ƙarƙashin hammata.

Ɗalibai suka yi ta wuce mu a guje. Can wata ta tsaya, ta kama hannun Baba ta duba, ta ga babu ƙyalle, ta ce mu koma bayan igiya wajen 'yan kallo. Na nuna mata ƙafar, na ce jinin nan na gaske ne. Ta ce ta gani, Allah ya ba shi lafiya, amma ba ya cikin tsarin da aka ba su, in ta taɓa wanda ba shi da ƙyalle za a rage mata maki.

Sai ga Kwamanda, da hular kwano, usur a wuya, wayar oba-oba a hannu. Da ya gan mu sai ya rage murya.

"Yaya, don Allah ku rufa mini asiri. Farfesoshi na kallo. Saura kaɗan a gama."

"Ƙafar ma saura kaɗan," na ce masa.

Ya dubi ƙafar, fuskarsa ta canza. Ba zan yi masa ƙarya ba, tausayi ya kama shi, sai dai ilimi ya riga ya shiga jiki. Ya ce hanya ɗaya ce, a shigar da Baba cikin tsari. Ya ruga ya kwance jan ƙyallen mai katin waya, ya ɗaura wa Baba, ya busa usur. Nan fa kuka ga aiki. Waɗanda suka wuce mu ɗazu suka yo kanmu, wannan ya riƙe kai, wancan ya riƙe kafaɗa, aka ƙirga aka ɗaga shi tare, masu hoto na ta walƙiya. Baba ya saki ƙara, manya suka miƙe suna tafi. Wani farfesa da ke kusa da ni ya ce wa na gefensa a nemo masa wannan tsoho bayan taro, duk cikin 'yan wasan shi kaɗai ya san abin da yake yi, kuma wanda ya yi wa ƙafar kwalliya ya iya aikinsa.

Aka sa shi a mota, jiniya ta tashi. Na bi ta da gudu ina hamdala, zuciyata ta ɗan yi sanyi. Motar ta zagaya fili ta tsaya a ɗaya ƙarshen, gaban wani tanti da aka rubuta "asibiti" a kwali aka rataya. A ciki akwai tebur, da mutum-mutumin roba, da wani mai riƙe da agogon auna gudu. Ya danna, ya ce ba a taɓa samun ajin da ya yi sauri haka ba. Aka sauke Baba a tabarma, aka ce an cece shi, ya tashi ya je ya karɓi lemo. Kwamanda ya fizgo akwatin agaji ya buɗe, babu komai a ciki sai tsofaffin jaridu da aka cusa don kada ya yi ƙara. Na roƙi direba ya wuce da mu asibitin gaske. Ya ce umarninsa ya ƙare a ƙofar fili, man da aka zuba masa ma na zagayen nan ne, kuma motar tana cikin hoton rufe taro, ba za ta motsa ba sai babban baƙo ya gama jawabi. Babban baƙon kuwa a lokacin yana kan gaishe-gaishe.

Muka koma ga baronmu. Ta cikin ruwa muka tura shi, inda ya yi zurfi mu ɗaga, muka isa asibiti da la'asar. Likita ya duba ya girgiza kai, ya ce da an kawo shi da wuri da an yi ƙoƙari. Daga ƙasan gwiwa aka yanke.

Kada wani ya ce ina gaba da ilimi. Nawa 'ya'yan ma makaranta na tura su, kuma in gobara ta tashi na fi son wanda ya san aikin ya zo, ba irina ba. Abin da ke ba ni haushi, haushin da har yanzu yake hana ni cin abinci in na tuna, shi ne mutanen nan babu mugu a cikinsu. Kowa abin da aka koya masa ya yi, kuma ya yi shi daidai. An koya musu duba hannu, suka duba hannu. Kwamanda ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, an ƙara masa girma. Yallaɓai babba ya dawo daga ƙetare ya yi ƙiba, ya kalli hotunan, ya sanar cewa atisayen ya tabbatar a shirye muke. Yanzu ana shirin tura sauran rabin ofishin, su kuma na farko su wuce digiri na uku. Injin yana can jami'a, an mayar da shi kayan koyarwa. Kwatarmu kuwa kun ji yadda muka gaisa da ita yau.

Baba yanzu a shagon mai wanki yake kwana, tsakanin ƙullin kayan mutane. Teburinsa na jingine a waje an rufe shi da leda, sai ranar da mai faci ya samu sarari yake tura masa shi kasuwa. Makon jiya Kwamanda ya zo da kwali a hannu, ya roƙe ni in raka shi. Ya durƙusa ya gaishe da tsohon, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce makaranta ce ta aiko shi da kyautar wanda ya fi kowa iya wasa a atisaye, shi dai ɗan aike ne. Baba ya buɗe. Takalman shiga ruwa ne, dogaye, sababbi fil, ƙafa biyu. Ya juya su ya duba ƙasansu kamar yadda yake duba bayan agogo, ya zura na dama, ya ce daidai. Sannan ya miƙa masa na hagu.

"Mayar musu da wannan, ɗana. Kada a ce an yi ɓarnar kayan hukuma a kaina."

Kwamanda bai karɓa ba. Ya tashi ya fita, tun ranar kuma bai sake zuwa gidana cin abinci ba.

Takalmin ya zauna a bakin ƙofar shagon har yau, da Baba ya gan ni na dawo ina ɗingishi ƙafa ɗaya babu takalmi, ya ce in ɗauka. Na gode wa hukuma, wannan ne ɗaukin farko da wani ɗan ofishin ya taɓa kawowa layinmu tun kafin bala'i ya faru. Sai dai na hagu ne, ni kuwa na dama kwata ta ci.