Nomau da Karan Nusaiba

Ni ce Tabawa mai man gyaɗa, a wani ƙauye bayan Bichi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana Malam Iro, Allah ya jiƙansa, kuma tun daga ranar ban miƙa wa kowa hannu ba. Abin da ya bar min gida ne, da turmi biyu, da ƙaninsa Nomau. Nomau ya ba arba'in baya. Ƙarfi gare shi, ba ya ƙarya, jam'i ba ya wuce shi. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Na taɓa shanya gyaɗa na ce masa in ya ga hadari ya kwashe. Na dawo na tarar awakin maƙwabta sun cinye rabi, shi kuwa yana zaune a gefensu ya ɗaga kai yana duban sama. Ya ce ai babu hadari. Tun daga nan nake auna magana kafin in ba shi, sai dai baki ba mudu ba ne, wani lokacin yakan zuba ya wuce.

Wata rana autana Rabilu ya bugo waya daga Legas, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa. Ya ce an kusa ba yara hutu, yana so ya kai iyalinsa bakin teku su yi mako guda, har da ni. Akwai masaukai, in ji shi, da ake biya sau ɗaya, ci da sha da kwana da wasan yara duk a ciki. Ya turo hotunan guda biyu ya ce in zaɓa. Na ce masa ni ko ƙwarya ba na saye a hoto. Sai an je an gani, an taɓa, an yi ciniki. Gwiwata ba za ta yi Legas sau biyu ba, don haka baffansa Nomau zai fara zuwa. Da ƙyar ya yarda, domin ya san baffan nasa.

Abin da ban faɗa wa Rabilu ba shi ne dalilin da na damu da zaɓen. 'Ya'yansa uku duk a Legas aka haife su. Mazan biyu, Anas da Huzaifa, suna gaishe ni dai kamar yadda ake gaida baƙuwa. Ƙaramar kuwa, Nusaiba, da suka zo Babbar Salla na miƙa mata hannu sai ta fashe da kuka ta shige bayan zanin uwarta Bahijja. Har suka koma ba ta yarda na ɗauke ta ba. Da ƙyar ta tsaya jikin bango aka ja mata layin tsawonta da gawayi. Mako gudan nan shi kaɗai nake da shi. In ya wuce yarinyar ba ta san ni ba, ban san ko zan ga wani ba.

Ranar da Nomau zai tafi, na sami karan dawa na yanke shi daidai layin gawayin nan. Nufina ya auna zurfin ruwa da tsawon gado. Na miƙa masa na ce:

"Ka ɗauka wannan karan Nusaiba ce. Duk abin da bai dace da shi ba, bai dace da ita ba."

"To, Yaya," in ji shi. A mota kuwa sai da ya sa aka matsa wa karan ya sami gefen taga.

Wata rana, washegarin isarsa, Rabilu ya sauke shi a masauki na farko, mai farin bene, ya biya masa kuɗin yini, ya haɗa shi da wani maigadi Bahaushe da zai riƙa yi masa tafinta. Da safen ranar na ja masa kunne a waya cewa abin da ke sama ado ne. Ya yi musu irin yadda nake yi wa buhun gyaɗa, ya zura hannu har ƙasa ya ga abin da aka ɓoye. Da ya shiga ɗakin cin abinci ya ga an jera manyan tasoshi, kowa yana ɗiba da kansa. Nomau ya wanke hannu tas, domin shi mai tsabta ne, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya zura har gwiwar hannu a cikin shinkafa. Ya ɗebo ta ƙasa ya duba. Ya wuce wajen wake. Yana kan ta miya aka riƙe shi. Da yamma ya ba ni rahoto a natse: shinkafar ƙasa da ta sama duk ɗaya ce, ba tsakuwa, mutanen suna da gaskiya. Sai dai sun ce kada ya sake dawowa, shi da duk wanda ya aiko shi.

Wata rana aka kai shi na biyun, babban mai shuɗin rufi, wanda Bahijja ta fi so saboda akwai ɗakin wasan yara da lilo da tafkin wanka. Na hana shi taɓa abincin kowa. Na ce dai in sun faɗi kuɗinsu kada ya nuna ya ƙyasa. Ya juya ya kama tafiya, kada ya waiwaya sai an kira shi sau uku, domin a kira na uku farashin gaskiya yake fitowa. Yarinyar da ke kan tebur ta faɗa masa kuɗi. Nomau ya saɓa kara ya juya. Ƙofar da ke gabansa ta bakin teku ce, sai ya bi ta. Ba wanda ya kira shi, domin su can ba su san ciniki ba. Ya yi ta tafiya a kan yashi, teku a dama, kwakwa a hagu, tun hantsi har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya nufi tsakiyar wata koma da masunta suka shanya. Wata tsohuwa ta hango shi ta ƙwala masa kira da Hausa, Malam, Malam, Malam. A na ukun ya tsaya ya juya.

"Alhamdu lillahi. To, nawa kika rage?"

Tsohuwar sunanta Iya Sikira. Ta yi shekara ashirin tana sayar da goro a Sabon Garin Kano, yanzu tana da ɗan masauki mai ɗaki shida a bayan rugar masuntan. Ta ba shi ruwa, ta ba shi tuwo da kifi. Da ta tambayi labarin karan ya faɗa mata, sai ta shimfiɗa wa karan tabarma a inuwa ta jingina shi kusa da Nomau, ta ce ai bai kamata a bar yarinya a rana ba. Ita ta bugo wa Rabilu waya ya zo ya ɗauke shi.

Wata rana Rabilu ya mayar da shi mai shuɗin rufin, bayan ya ba su haƙuri. Suka ɗaura masa wani awarwaron roba a hannu, alamar ya biya. Na ce masa tunda sun ce komai a ciki yake, ya tabbatar da kansa, kada ya yarda da ji. Nomau ya ci abinci sau bakwai, ba don yunwa ba, yana jiran ya ga lokacin da za a hana shi. Ba a hana ba. Ya sha lemo har cikinsa ya yi ƙara. Ya kwanta a kowace kujerar bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je ya tambayi maigadin wurin, shi ma Bahaushe, ko tekun ma a ciki take. Maigadi ya yi dariya ya ce har da ita. Nomau ya nemo jarka ya cika, ya ce sauran ya bar musu ajiya, ba zai iya ɗauka ba. Ruwan nan dai bai tafi a banza ba, har yanzu da shi nake gasa gwiwa.

Wata rana ya tafi aikin awo. Ya tsoma kara a tafkin yara, ruwa ya tsaya a rabinsa. Ya kafa shi a bakin teku da safe, ruwa bai kai taƙi ɗaya ba. Da la'asar ya koma daidai wurin, igiyar ruwa ta shanye karan har ta jiƙa masa ƙirji. Ya ce min tekun nan ba ta da magana ɗaya, ba irin wadda za a ba amanar yaro ba ce. A wannan kam na ba shi gaskiya.

Kashegari ya kai kara ɗakin wasan yara. Matan da ke ƙofa suka dube shi, suka dubi juna, sai ɗaya ta biye masa. Ta karɓi karan, ta ba shi wata 'yar takarda mai lamba, ta ce ƙa'idarsu ke nan: a kawo yaro ƙarfe tara, a zo a ɗauka ƙarfe biyar, babba ba ya shiga, don iyaye su huta. Aka rufe ƙofa. Nomau ya zauna a dandamali bai motsa ba. A nan ya yi azahar, a nan ya yi la'asar. Ƙarfe biyar aka miƙo masa karan an ɗaura masa balan-balan. Da ya bugo min waya muryarsa ba daɗi. Ya ce ya yi yini guda bai ga Nusaiba ba. Ni kuwa lokacin ina tsaka da tuyar ƙuli-ƙuli, na ce ya daina shirme, ban tsaya na saurara ba.

Wata rana muka gama shawara ni da Rabilu da Bahijja cewa mai shuɗin rufin za mu. Aiki ya riƙe Rabilu, sai ya ba baffansa kuɗin kafin alƙalami, ya sa shi a mota, ya ce Inna za ta faɗa masa wurin. Ni a ganina magana ta riga ta ƙare, kowa ya san inda lilo yake. Na ce wa Nomau kawai ya je ya kama mana inda ya ga Nusaiba ta fi jin daɗi. Nomau ya wuce shuɗin rufi ko kallonsa bai yi ba. Ya kai wa Iya Sikira kuɗin, ya kama ɗaki uku, kuma bai nemi ragin ko sisi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Rabilu ya yi faɗa. Bahijja ta yi fushi. Kafin a gyara, an cika mai shuɗin rufin saboda hutu. Na kira Nomau na zage shi tas, ya bari na gama.

"Yaya, can karɓe ta suka yi suka rufe ƙofa. Nan kuwa tabarma aka shimfiɗa mata kusa da ni."

Haka muka tafi, kowa fuska a ɗaure. Gidan Iya Sikira ba lilo, ba ɗakin wasa, ba ma'aikata masu kaki. Abinci sau uku ne, duk a ciki, kifi daga kwalekwale sai tukunya. A bayan gidan akwai wata 'yar fadama mai ruwa kwance, wadda Nomau ya riga ya auna safe da yamma, ba ta wuce rabin kara. Kwana ɗaya Bahijja ta yi tana bin yara, a na biyu gajiya ta kayar da ita. Ta dube ni ta ce ko Inna za ta ɗan duba mata su. Na ce zan duba, kamar ba abin da nake jira ke nan ba.

Na taho da gyaɗa tiya biyu, domin ba na zuwa ko'ina hannu rabbana. Na ari kasko wajen Iya Sikira, na aiki Anas da Huzaifa su ɗebo min busasshen yashi. Na zuba a kasko na hura wuta, na juye gyaɗa a ciki ina juyawa. Yashin teku da gishirinsa yake, ban taɓa suya mai daɗin wannan ba. Mazan suka durƙusa suna gardamar wanda zai riƙe ludayi. Nusaiba tana can nesa ta sa yatsa a baki. Ban kira ta ba. Wanda ya san ciniki ya san ba a bin mai saye. Na ɓare guda uku na hure, na ajiye a kan gwiwata, na kau da kai. Na farko ta zo ta ɗauka ta gudu. Na biyu ta ɗauka ta tsaya. A na uku ta dafa cinyata ta ce, "Kaka, ƙara." Kafin la'asar ta yi barci a jikina, hannunta cike da ɓawo. Gwiwar nan tawa ta yi tsami har ta mutu, ban motsa ba.

Da ta farka Nomau ya zo da karansa ya tsayar a gefenta. Ya duba, ya sake dubawa. Yarinya ta wuce shi da yatsu huɗu. Hankalinsa ya tashi, ya ce to yanzu wacce zai riƙa kula da ita a cikinsu. Na ce ya kawo karan nan in ƙara a wuta, gyaɗa ba ta gama ba. Ya ƙi. Ya kai shi inuwa ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce karan nan shi ya fara zuwa, shi ya samo mana wurin. Na buɗe baki zan yi magana, sai Nusaiba ta ja min zani tana nuna kasko. Na bar shi da karansa, na ci gaba da juya yashi.