Rasuwar Madabod Mai Tambarin Shaho

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Auta ke sanar da 'yan uwa rasuwar madabod ɗinta mai tambarin shaho, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke jingine da shi. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu da wata ɗaya.

Wata uku Auta ta yi tana karanta ra'ayoyin masu saye kafin ta zaɓe ta, ta kuma ɗaura ta da hannunta. Yaya ya ce ɓata lokaci ne, ya sayi mai tambarin ƙadangare, wadda ko kwali ba ta zo da shi ba. Tun ranar suke musun ta wa za ta riga mutuwa. A gidan nan, wannan ne kaɗai musun da Auta ta taɓa ɗaga murya a kansa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar aiki ba. Maganarta ɗaya ce kowace safiya: “ƙit.”

Jinyarta ta fara ne ranar da Mama ta ga ƙura na damun baiwar Allah, ta saƙa mata rigar ulu mai kauri, har da fure, wadda ta toshe duk kafofin iska. Kullum Auta sai ta cire, kullum Mama sai ta mayar tana sa mata albarka. Sau huɗu Auta ta buɗe baki za ta yi bayani, sau huɗu ta ɓige da yabon saƙar. Fanka ta yi ta nishi, jiki ya yi zafi, har aka ji ƙauri.

Ta bar furosesa ɗaya, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ram biyu masu riƙe bayanan aiki, da fanka uku da suka yi iya ƙoƙarinsu. Ta kuma bar abokiyar gasarta ta ɗakin Yaya, tsirara cikin ƙura, lafiya lau.

A gaban Mama, Auta ta amsa cewa shaho ne ba shi da ƙarko. Yaya ya sa ta maimaita.

Za a kai gawar shagon mai gyara ranar Asabar da safe. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma ban da zancen musabbabi. Ba za a binne ta da rigar ba: Mama ta wanke ta, ta sa wa kwamfutar Yaya, wanda ya yi tafiyar sati uku ya bar ta a kunne. An tambayi Auta ko ta dace da ita. Ta ce ta yi kyau sosai.